Daga Paga zuwa Akra a kan keke: yadda iyali za su raka mutum ya ratsa ƙasar Gana

Daga Paga, garin ƙarshe kafin a tsallaka Burkina Faso, zuwa bakin teku a Akra akwai kimanin kilomita 830, kwalta tun daga farko har ƙarshe. Mai ƙoshin lafiya da ya yi horo zai iya cinye ta a kan keke cikin mako biyu, har da ranakun hutu. Hanya ce miƙaƙƙiya da ba a ɓata a cikinta, garuruwanta galibi ba su yi wa juna nisa ba, kuma da wuya ka sauka a babban garin da ba shi da zongo, inda za ka yi Hausa a amsa maka, ka sami masallaci da naman da ba ka shakkar yankansa.

Wannan jagora ta mai tafiya da rakiya ce: shi yana kan keke, mota tana ɗauke da kaya da ruwa da mutanen gida. Mota tana kawo sauƙi, amma tana zuwa da nata wahalhalun. A ganina, abin da ya fi ɓata irin wannan tafiya daga cikin motar yake fitowa. Direba ya gaji, yara sun ƙosa, kuɗin mai ya ƙare, an yi sa-in-sa a gefen titi a kan ko a tsaya ko a ci gaba. Shi ya sa rabin bayanin nan na 'yan mota ne.

Mataki na 1: A zauna da iyali kafin a taɓa keke

Fara da izinin iyaye da yardar uwargida, kuma kada ka kai musu maganar a dunƙule. Tafi da taswira, ka nuna inda za a kwana kowace rana da asibitin da ke kusa. Uwa ta fi saurin sa albarka idan ta ji an ce ƙanenka zai riƙa kiranta kullum bayan Magariba.

Daga nan sai a tsai da abu uku: wa zai shiga mota, wa zai riƙe kuɗi, wa ke da maganar ƙarshe. Manya biyu ne mafi ƙarancin abin da mota ke buƙata, kuma ya fi kyau a ce dukansu sun iya tuƙi, don ranar da zazzaɓi ya kama ɗaya kada tafiya ta tsaya. Kuɗi a hannun mutum ɗaya, da ɗan littafi.

Maganar ƙarshe ita ce mai nauyi. Kada ta zama ta mai keke. Wanda rana ta dafa na awa biyar ba ya iya auna halin da yake ciki, zai rantse maka lafiyarsa lau alhali yana layi a kan titi. A zaɓi mutum ɗaya a mota da idan ya ce a tsaya, an tsaya. Matsalar ita ce sau da yawa wannan mutumin ƙane ne ko mata, kuma a gidajenmu ba ƙaramin abu ba ne ƙane ya dubi wansa ya ce, “Yaya, sauko, ta yau ta ƙare,” ko mata ta ce, “Malam, ya isa haka.” Don haka a ƙulla wannan yarjejeniya a gaban Baba ko Kawu, shi da bakinsa ya ɗora wa mutumin amanar. Ranar da za a yi amfani da ita, ba za ta zama rashin kunya ba.

A kuma yarda tun a gida cewa shiga mota ba faɗuwa ba ce. Idan an ɗauke ka a wani wuri, a sa alama a waya, gobe a mai da kai nan ka ɗora.

Wajen lissafi, man mota ne zai fi cin kuɗi, domin motar za ta hau arewa ta sauko, ga kai-komo na neman masauki da sayayya, don haka a lissafa mata abin da ya haura kilomita 1,700. Sai masauki na dare goma sha biyar ko sha shida, sai abinci. A ware wani kaso da ba za a taɓa ba sai don asibiti ko bakanike.

Mataki na 2: Lokaci da alƙibla

Disamba zuwa tsakiyar Janairu shi ne lokacin. Maris da Afrilu a manta da su, don zafin Bolgatanga da Navrongo kan haura digiri 40, kuma lokacin sanƙarau ne. Daga Mayu zuwa Oktoba damina ce a arewa, a kudu ma ruwa ya fi ƙarfi tsakanin Afrilu da Yuli, ya sake dawowa wajen Satumba. A duba kalanda kuma, don a 'yan shekarun nan azumi yana matsowa cikin hunturu, ba kuwa tafiyar da za a haɗa da azumi ba ce.

Mutane da yawa kan so su tashi daga Akra su nufi arewa. Ni na fi ba da shawarar a juya. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, don haka mai gangarowa kudu tana bayansa ko gefensa, mai hawa arewa kuwa da ita zai yi ta kokawa a fili fetal, babu dajin da zai tare masa. Sannan ƙasar arewa shimfiɗaɗɗiya ce, jiki zai saba da tafiya kafin a iso tuddan kudu. Akwai dalili na uku, zai zo a mataki na biyar.

Mataki na 3: Keke da kayansa

Ba sai sabo ba, ba kuma sai mai tsada ba. Keken gwanjo mai ƙarfin jiki ya wadatar idan ya yi daidai da tsawonka kuma yana da giya mai laushi ta hawan tudu. Keken tsere mai siririyar taya ba na wannan hanya ba ne, saboda gefen titin da za ka yini a kai cike yake da tsakuwa da fasassun kwalabe da wayoyin tsofaffin tayoyin manyan motoci. Nemi taya mai faɗin milimita 35 zuwa 40 ko fiye. Wili mai inci 26 ya fi sauƙin samun taya a ƙananan garuruwa. Bawul kuma ya zama irin na mota, yadda kowane mai faci a bakin hanya zai iya ba ka iska.

Tsawon sirdi a gwada shi haka: zauna, ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa, ƙafar ta miƙe ba tare da ƙugu ya karkace ba. Sirdin da ya yi ƙasa gwiwa yake ci, wanda ya yi sama kuma bayan gwiwa da ƙugu. Da zarar ka samu daidai, ka zagaye wurin da salatif don kada ya ɓace idan an cire sirdin wajen loda keke. Kada a sayi sabon sirdi ana gobe tafiya.

Mako biyu kafin tashi a kai keken wurin mai gyara: sabuwar sarƙa, sababbin robobin birki da wayoyinsu, a daidaita wili, a sa giris. Mako biyun don abin da zai kwance ya kwance a gida ne.

A mota a ajiye taya biyu, tib kamar shida, sarƙa guda, wayoyin birki da na giya, babban famfo na ƙasa, man sarƙa da tsummoki. A jikin keken kuwa, ko da mota tana kusa, kada a raba shi da tib ɗaya, kayan faci, ƙaramin famfo, makullan kwance ƙusa, gorar ruwa biyu, waya, ɗan kuɗi da takarda mai ɗauke da sunanka, rukunin jininka da lambar 'yan mota. Hular kwano dole ce. Haka riga mai ƙyalli, jar fitila mai walƙiya a baya ko da rana tsaka, saboda hazo, da madubi. A wannan hanya madubi ya fi ƙararrawa amfani nesa ba kusa ba.

Wandon keke mai soso a ciki guda biyu ko uku. Ana sa shi ne a kan fata, babu kamfai a ƙasa, don ɗinkin kamfai ne ke goge fata har ta yi gyambo. Wanda bai son fita da matsattsen kaya ya ɗora sakakken dogon wando marar nauyi a kai, ya ɗaure ƙafar dama don kada sarƙa ta kama. Hakan ya fi ma dacewa da shiga masallaci da gaisawa da manya.

Mataki na 4: Horon wata uku

Fara da kilomita 20 zuwa 30 sau uku a mako, da doguwa ɗaya a ƙarshen mako, kana ƙara kamar kashi goma cikin ɗari kowane mako. A wata na uku ya kamata ka iya yin kilomita 90 yau, gobe ka tashi ka sake yin 80. Ranar ta biyu ita ce gwajin, domin ba nisan yini ɗaya ke kayar da mutum ba, hawa sirdi da mazaunan da ba su huce ba ne. Makon ƙarshe a rage sosai. Wanda ya haura shekara arba'in, ko mai hawan jini ko ciwon suga, ya ga likita kafin ya fara.

A yi gwajin kwana biyu da motar da mutanen da za su tafi, a kwana a wani gari. A nan za a gane cewa kula ba ta riƙe sanyi, ko igiyar ɗaure keke ta yi gajarta, ko direba ba ya jin ƙarar waya.

Mataki na 5: Takardu, mota da hawa arewa

Mai zuwa daga Najeriya ba ya buƙatar biza, amma yana buƙatar fasfo da katin allurar shawara. Idan da mota za a zo, iyaka uku za a tsallaka, ta Seme, ta tsakanin Benin da Togo, sai ta Aflao, kuma sai da inshorar ECOWAS da cikakkun takardun mota. Wanda ke da dangi a Akra ko Kumasi ya ari mota ko ya yi haya a can, ya huta. A Gana ma hannun dama ake bi. A tanadi layin waya na kamfani biyu, MTN da Telecel, don inda ɗaya ya ɗauke wani lokaci ɗayan yana nan, a sa kuɗi a MoMo, wato asusun kuɗi na waya, a kuma riƙe sidi, kuɗin Gana, a hannu saboda ƙauyuka. Lambar gaggawa 112 ce.

Ga dalili na uku na farawa daga arewa. Dole a ɗauki keke a mota zuwa Paga, tafiyar kwana biyu, a kwana a Techiman ko Tamale. Wannan hawan shi ne leƙen hanya, don haka da rana za a yi shi, mai keke yana gaba da littafi. Ya rubuta inda gefen titi ya cinye, inda ake aikin hanya, inda akwai inuwa da filin fakin, da gidajen mai masu banɗaki. A shiga masauki biyu a kowane garin da za a kwana, a ga ɗaki, a tambayi ruwa, a karɓi lamba. Taswirar waya ba za ta gaya maka cewa famfon masaukin ya kwana uku bai kawo ruwa ba.

A Tamale da Bolgatanga a tambayi halin tsaro daga 'yan sanda da direbobin tasha. Rikicin garin Bawku, da ke arewa maso gabashin Gana, ya sha taɓa hanyar Walewale, har aka sa wa garin dokar hana fita a farkon 2025. Idan an ce hanya ba ta da daɗi, a fara daga Tamale. Iyakar Paga kuma a tsaya a nan, babu abin da zai kai ku tsallake.

Mataki na 6: Yadda mota ke rakiya

Kuskuren da kusan kowane iyali ke fara yi shi ne mota ta biyo keke a baya a hankali da fitilun gargaɗi. A wannan hanya haɗari ne. Tireloli da tankoki ke bin ta daga tashar jirgin ruwa ta Tema zuwa ƙasashen Sahel, ga manyan bas-bas da motocin gawayi da na tumatir. Motar da ke rarrafe a kilomita 18 a awa tana tara su a bayanta, sai wanda ya ƙosa ya fito zai wuce, bai san akwai keke a gaba ba, ya koma hannunsa a daidai kanka.

Abin da ake yi shi ne tsallake. Mai keke ya tashi, mota ta ba shi kamar minti arba'in, ta taso ta wuce shi, ta je kilomita 15 zuwa 20 daga inda aka rabu ta tsaya. Wajen wucewa mai keke ya ba da alama: ɗaga babban yatsa lafiya ke nan, dafa hula kuwa a tsaya a wuri na farko mai kyau. Kada direba ya rage gudu ya jera da keke ana hira ta taga.

Wurin tsayawa ya zama a hannun da keke yake, mota ta sauka daga kwalta gaba ɗaya, a miƙaƙƙen wuri da ake hango ta daga nesa, ba bayan kwana ko bayan tudu ba. Yara ta ƙofar daji za su fita, kuma ba su tsayawa tsakanin mota da titi. Kafin mai keke ya iso an shimfiɗa tabarma, an cika gora biyu da ruwa mai sanyi, an ɓare ayaba, an jiƙa tawul. Ya miƙa gorar da ta ƙare, ya karɓi cikakkiya, ya ci, minti goma ya tashi. Idan zama ya kai rabin awa ƙafa takan yi sanyi, rana kuma tana ƙara hawa.

Kafin kowace rabuwa a faɗi abu biyu da baki: sunan wurin haɗuwa na gaba da lokacin da ake sa ran isowa. Idan lokacin ya wuce da minti ashirin, ba a gan shi ba, waya ba ta shiga, mota ta juya ta bi hanya a hankali tana duba gefe biyu. Shi kuma idan keke ya lalace, ya tsaya inda za a gan shi, kada ya shige ƙauye neman mai gyara ba tare da ya sanar ba. Mota ba ta wuce mararraba sai ta ga ya bi daidai. A kunna nuna wuri kai-tsaye na WhatsApp, mai awa takwas, kowace safiya, amma kada a dogara da shi shi kaɗai.

Inda ake karya dokar hana mota bin keke a baya kaɗan ne: kan gadar Yapei da ta Buipe, inda mota za ta iya tsare bayansa na 'yan mintoci, da mashigar Kumasi da ta Akra.

Da zarar ya rage tsalle ɗaya a gama, mutum ɗaya ya kira masauki. Aikin yamma kuma rabawa ake yi: wani ya wanke wandunan keke ya shanya, wani ya sayo ƙanƙara da jakar fiya wata, wani ya sa wayoyi da fitilu a caji. Mai keke nasa shi ne ya goge sarƙa, ya sa mata mai kaɗan, ya bi taya da yatsa yana neman ƙaya ko waya. Ƙurar hunturu da mai mai yawa idan suka haɗu cin sarƙa suke yi.

Yara kuwa a ba su aiki na gaske, ɗaya ya riƙe littafin kilomita, ɗaya gora. Wanda bai kai shekara shida ko bakwai ba, gaskiya gara a bar shi wurin kaka. Awa shida a mota mai tsaye-tsaye cikin zafi ba yawon shaƙatawa ba ne.

Mataki na 7: Rabon hanya

Ƙa'idar kowace rana ɗaya ce. A yi Asuba, a karya, a hau da zarar gari ya waye wajen ƙarfe shida, a sauka kafin ɗaya. Ba a tafiyar dare, keke ko mota. Matafiyi yana da sauƙin ƙasaru da haɗa salla, a tambayi malami hukuncinsu kafin a bar gida.

Ranar farko gajera ce, Paga zuwa Bolgatanga ta Navrongo, kimanin kilomita 40. Jajibirin tashi a kai yara tafkin kadojin Paga. Rana ta biyu zuwa Walewale, wajen 50, ana tsallaka kogin Farin Volta a Pwalugu. Kada sauƙin waɗannan biyun ya ruɗe ka ka haɗe su, don ta uku doguwa ce: Walewale zuwa Tamale ta Nasia da Savelugu, sama da kilomita 110. A Tamale a huta yini guda. Gari ne na masu keke, har da hanyarsu daban a gefen wasu manyan tituna, kuma a nan ne za a fi samun mai gyara da kayan gyara kafin Kumasi.

Tamale zuwa Buipe kimanin 100 ne, Buipe zuwa Kintampo kimanin 90. Waɗannan kwana biyun su ne suka fi buƙatar mota. Garuruwa sun yi nisa da juna, inuwa kaɗan ce, kuma an sha ba da labarin fashi da dare a wannan yanki. A rage tsallen mota zuwa kilomita 10 ko 12, a ninka ruwa. Lokacin ƙona daji ne kuma. Idan hayaƙi ya rufe titi a tsaya nesa har ya wuce, don direban da ke tahowa ba zai gan ka a ciki ba. Bayan Yapei akwai mararrabar Fufulso da ke zuwa Damongo da tsohon masallacin Larabanga da gandun dajin Mole mai giwaye. Idan da hali a ba 'yan mota kwana ɗaya a can. Sun cancanta, kuma iyalin da aka ba ranarsu sun fi haƙuri da sauran tafiyar.

Daga Kintampo ƙasa take canzawa. Akwai magangarar ruwa a bakin garin da ta isa a tsaya. Zuwa Techiman kilomita 60 ne kawai, amma tudu ya fara, kuma idan an dace da ranar kasuwa mashigar garin cunkushe take da motocin doya. Techiman zuwa Kumasi ta Akomadan da Offinso wajen 120 ne na hawa da sauka, wanda ya ga ta yi masa yawa ya raba ta biyu. Mutumin Sahel a nan yake fara jin wani irin zafi: rana ba ta kai ta arewa ba, amma gumi ba ya bushewa. A Kumasi a sake hutun yini guda. Mai dangi a unguwar Aboabo ko Asawase ya san inda zai sauka, wanda ba shi da kowa kuma idan yana son kwana a zongo ya fara da gaida liman ko sarkin zongo, ya faɗi abin da ke tafe da shi.

Saura kimanin 250: Kumasi zuwa Nkawkaw ta Ejisu da Konongo, ɗari da 'yan kai, ana hango duwatsun Kwahu, sai Suhum wajen 85, sai Akra ta Nsawam wajen 60. Wannan ce hanyar da ta fi kowacce yawan motoci. Ido a madubi. Idan ka ga babbar mota a baya, wata kuma tana tahowa a gaba, sauka daga kwalta ka ba su wuri, kada ka tsaya neman haƙƙi. Ka kula da ƙananan bas na haya, da ke yanke gabanka su tsaya ɗaukar fasinja babu sigina.

A rubuta manyan asibitocin hanya a bangon littafi: War Memorial a Navrongo, asibitin yanki a Bolgatanga, asibitin koyarwa na Tamale, Holy Family a Techiman da Nkawkaw, da Komfo Anokye a Kumasi.

Mataki na 8: Ci, sha da kula da jiki

Sha rabin lita zuwa lita ɗaya a kowace awa, gwargwadon zafi, kurɓi-kurɓi, tun ƙishi bai zo ba. A hunturu gumi yana bushewa nan take, sai mutum ya zaci bai yi ba. Fitsari ne ma'auni: idan ya yi ja ko ya yi ƙaranci, ruwa bai isa ba. Ruwa zalla kuma bai wadatar ba, gishirin da ya fita sai an mayar. Gora ɗaya cikin biyu ta zama ta ruwan gishiri da sukari, ko na ƙunshi daga kemis, ko a haɗa: lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, duk a shafe.

Karin kumallo koko da ƙosai da burodi, ana samunsu da sassafe kusan ko'ina. A kan hanya a ci wani abu kowane minti arba'in: ayaba, dabino, gyaɗa, dafaffiyar doya, ƙuli-ƙuli. Babban ci bayan an sauka ne, cikin awa ta farko, shinkafa da wake ko tuwo, da ƙwai ko naman zabo, wanda arewacin Gana ba ta rasa shi. Abinci mai zafi da aka sauke a gabanka shi ne abin ci. Ɗanyen ganye da fura da nonon da ba a san ruwan da aka dama su da shi ba a bar su sai an isa, don gudawar kwana ɗaya tana cinye tafiyar kwana uku.

Da an sauka a cire wandon keke, a yi wanka, a bushe. Da safe a shafa basilin ko man kaɗe inda fata ke gogar sirdi, a shafa wa leɓe da cikin hanci ma saboda hunturu. Ƙurji idan ya fito a mazauni, hutun yini ɗaya da wuri ya fi na mako daga baya. Kowa ya kwana cikin gidan sauro, zazzaɓi kuma a yi gwaji a ranar, kada a ce gajiya ce.

'Yan mota su haddace alamun bugun zafi: ciwon kai mai tsanani, jiri, amai, magana ba kan gado, fushi babu dalili, tafiya ana tangaɗi. Ɗaya daga ciki ya isa a sauke shi. A kai shi inuwa, a rage masa kaya, a kwarara masa ruwa a jiki ana fifita, a sa ƙanƙara a wuya da hammata. Idan hankalinsa ya gushe ko ya rikice, kada a ɗura masa ruwa a baki, a nufi asibiti ana ci gaba da sanyaya shi a mota.

Mataki na 9: Shiga Akra

A tsara yadda ranar ƙarshe za ta faɗo Lahadi, a tashi daga Suhum da farin gari. Daga Nsawam zuwa Pokuase da Achimota tsallake ba ya yiwuwa, cunkoso zai raba ku. Ko dai motar ta tsare bayansa har ciki, ko ta wuce ta jira a wurin da aka ambata, shi kuma ya nemi wani mai keke ɗan gari ya shigo da shi. Dandalin Black Star da ke bakin teku wuri ne mai sauƙin kwatance ga dangin da za su zo tarya, kuma masallacin ƙasa na Kanda, kusa da Nima, ba shi da nisa idan ana son a yi Azahar a can.

Kada a kama hanyar gida a ranar. Direban da ya yi mako biyu yana tashi kafin Asuba yana buƙatar barcin dare biyu kafin a ba shi doguwar hanya, motar ma a duba mata mai da birki da taya. Mai keke ya ɗan taka a hankali na rabin awa washegari don ƙafa ta saki. Idan keken ya taɓa yashin teku ko ruwansa wajen ɗaukar hoto, a wanke shi da ruwan daɗi a ranar, a sa wa sarƙa mai kafin a loda shi, in ba haka ba tsatsa za ta kama ta kafin a kai Aflao.